Noti Biyar

Tukur, ajiye shayin nan, zo ka tsuguna.
Gobe za ka Damazin da akwatin sifanunka,
ni kuwa ba ni da gadon da zan bar maka
sai abin da hannun nan mai yatsu huɗu ya sani.

Na biyar ɗin yana can hanyar Hawata,
cikin baƙin taɓo, shekarar da riɗi ya yi tsada.
Na kafa jak ina sauri, hadari na bisa kaina,
ban shimfiɗa katako ba, ban tokare ƙafar baya ba.
Ƙasar Gadarif ta haɗiye gindin jak kamar loma,
buhu saba'in suka sauko gaishe ni.
To, katako a ƙasa. Dutse gaban taya, dutse bayanta.
Kada ka kai ko gwiwar hannu
ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe.
Jak ɗan aike ne, ba ya kwana da kaya.

Noti, sassauta su tun ƙafa na taka ƙasa.
In za ka mayar, yatsa ke fara gaisuwa kafin sifana.
Wanda ya yi gardama a juyi na biyu
ba ƙarfi yake nema ba,
zare ne ya hau zare, koma da baya.
Kada ka bi su a jere kamar mai rabon goro:
wannan, sai na tsallakensa, sai ka dawo,
har ka zana tauraro a fuskar rim.
Kada ka shafa musu mai.
In direba ya yi tafiyar rabin yini
ya tsaya ya sake jin bakinsu,
ko da fasinja na zaginsa.

Boris kuwa kunne yake so.
Ɗaga ƙafar, kama sama da ƙasa, girgiza.
In ta ce ƙwas, ta faɗa maka gaskiya.
Wanke shi da kananzir, bar shi ya bushe,
cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta baya.
Ɗaure ya yi tauri, sannan ka saki kaɗan ya sha iska.
Fin sabo za ka sa. Na ga masu lanƙwasa ƙusa,
na kuma ga tayarsu ta riga su shiga gari.

Ɗaga kai, dubi rufin kwanon can.
Ramin da rana ke leƙowa, aikin Ɗan'iya ne:
ya sa walda a rim da taya a jiki,
wai ai ya sace iskar.
Zafi ya taru a ciki shiru, shiru.
Ya rayu, amma tun ranar sai an yi masa ihu.
Na ƙi like ramin nan shekara tara
don yara irinka su riƙa tambaya.

In an kawo maka aikin amalanken jaki
kada ka raina shi don babu inji.
Auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya,
biyun su zo daidai kafin ka kunna wuta.
Ɗiga walda nan da can, sake aunawa,
don ƙarfe na ja in ya ji zafi.
Mai shi ba zai gane karkata ba,
kafaɗar jakin ce za ta kai ƙararka.

Shi ke nan. Shayinka ya huce.

Af, sifana mai lamba sha tara,
wadda ka ce ta ɓace tun azumi,
na san tana ƙasan akwatinka cikin tsumma.
Bar ta nan.
Bakinta ya ɗan buɗe, sai ka danna da babban yatsa.